AN KORE SHI SABODA SALLAH

Shafi na 31

Da sunan Allah mai sanin abin da aka ɓoye. Masu biyo ni ta bayan fage wai ko na gudu ne, ban gudu ba, shafin ne ya yi min nauyi, sau uku ina rubutawa ina gogewa. Ke kuma baiwar Allah da kika ce in daina kare Abdulilah, ki karanta na yau a tsanake, za ki gane ba shi nake karewa ba tun farko.

Bayan la'asar na shiga gidanmu na unguwar Mansur a Makka na tarar da falo ba wurin sa ƙafa. Ummi ta baje tsarabar da za ta kai wa Manal Kanada, kuka da busasshiyar kuɓewa da dabino da turaren wuta, ga daddawa an naɗe ta cikin leda uku amma duk da haka tana sanar da kanta tun daga matakala.

Manal ce autarmu. Shekararta huɗu a can tare da mijinta mai suna Turki da yake karatu. Tun bayan haihuwarta ƙodojinta suka tsaya, sau uku a sati ake ɗora ta a kan injin wankin jini, kuma likitocinta sun ce jikinta ba zai ɗauki doguwar tafiyar jirgi ba. Duk gidan an gwada mu a Jidda don a ga wanda zai iya ba ta ƙoda. Ni ban dace ba, Ummi shekaru sun ja. Ƙanena Abdulilah kaɗai ne nasa ya zo daidai da nata. An sa ranar aiki, saura sati bakwai.

Kawu Dauda, ƙanin Ummi, yana hakimce a kujerar marigayi Abba, fayil a cinya, kofin shayi a hannu. Shekara talatin yana aikin mu'aƙƙib, mai bin takardun mutane ofis-ofis, kuma abin da yake tinƙaho da shi a duniya shi ne fayil ɗinsa bai taɓa dawowa ba.

Musu na tarar suna yi a kan kilishi. Kawu ya ce Turawa ba sa bari a shiga musu ƙasa da nama, amma ta naɗe shi a tsakiyar zannuwa, wa zai tsaya bincikar tsohuwa mai carbi a hannu? Ummi ta ɗauke ƙunshin ta ajiye gefe.

"In suka tambaye ni fa, Dauda? In ce babu? Na kai wannan shekarun ban yi wa hukuma ƙarya ba, ba zan fara a kan nama ba."

Wallahi ji na yi kamar ni ta jefa da maganar. Na sunkuya ina gyara takalmin da ba abin da ya same shi.

Kawu ya yi dariya ya juyo kaina, ya ce in taya su murna, ya tura takardun bizar tun shekaranjiya, gobe ƙarfe tara Abdulilah zai je Jidda a ɗauki basma, wato ya dangwala yatsunsa goma a na'ura, daga nan sai jiran fasfo. Na roƙe shi ya ba ni fayil ɗin in gani. Ya miƙo yana tsokanata wai malamar makaranta za ta duba masa jarrabawa.

Shafi na huɗu nake nema, kuma na same shi. Tambayoyi ne a jere. Ko an taɓa kama ka, ko an taɓa tuhumarka da laifi a wata ƙasa, ko an taɓa soke maka biza. Daga sama har ƙasa Kawu ya bi ya sa a'a, a'a, a'a. A can ƙasa ga sa hannun ƙanena.

Na ce, "Kawu, waɗannan ka karanta masa su?"

Ya dube ni ta saman gilashi. Ya ce wannan shafin ba a karanta wa ɗan mutunci, shi tun da ya fara aiki bai taɓa zaunar da ɗan gidan da ya sani ya tambaye shi ko ya kwana a hannun 'yan sanda ba, cin fuska ne. Balle ɗan Malam Taha, wato Abbanmu, yaron da ya sauke Alƙur'ani yana shekara sha huɗu. Na nuna masa tambayar soke biza da yatsa, na ce ai kowa ya san an koro shi daga Amurka.

"Wannan zalunci aka yi masa, ba laifi ya yi ba," in ji Kawu. "Ba a rubuta zalunci a fom."

Ummi ta gyaɗa kai, ta ce Allah ya isar wa yaronta.

Na ajiye fayil ɗin na ce bari in duba Abdulilah a sama. Na hau matakala ina sane da abin da babu wanda ya sani a falon nan.

Shekara shida da suka wuce, ina tsakiyar shirin tafiya makaranta da safe, ya kira ni daga Amurka inda yake karatu, yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ya bi abokai biki, ya sha giya, ya ja mota ya daki turken fitilar titi. Ba wanda ya ji ciwo. Amma ya kwana a ɗakin 'yan sanda, sun ɗauki hotonsa, sun ɗauki yatsunsa, sun ba shi ranar da zai tsaya gaban alƙali. Bayan kwana kaɗan saƙo ya zo masa cewa an soke bizarsa.

A lokacin Abba yana kwance da ciwon zuciya. Na dubi ƙofar ɗakinsa, na dubi wayar, na ce wa ƙanena ya haɗa kayansa ya taho gida, sauran ya bar min.

Ni na zauna na ɗinka labarin, ni Mujahida, da hankalina, ba wanda ya sa ni. Na ce 'yan sanda ne suka gan shi yana sallar magariba a wurin ajiye motoci, suka kama shi, suka ce ɗan ta'adda ne, makaranta ta sallame shi. Na ɗauka maganar za ta tsaya a tsakanin bango huɗu. Ashe na manta a Mansur nake. Kafin sati ya zagayo mata suna ta sallama suna yi wa Ummi jaje da barka a haɗe. Abba ya sa aka riƙe shi har masallacin unguwa ya ba da labarin da bakinsa. A unguwar Utaibiyya wata mata ta haihu ta sa wa jaririn Abdulilah. Da Abba zai rasu, hannun yaron nan ya riƙe yana ce masa ya gode, ya riƙe addini a inda riƙe shi yake da wuya.

Ni kuwa ina tsaye a bakin gadon ina ji.

Na same shi a saman bene ya jingina da tankin ruwa, yana kallon hasumiyar agogo ta Harami. Tun da ya dawo bai sake riƙe sitiyari ba, ƙafa yake takawa zuwa shagon dardumar da yake tsaro a unguwar Jarwal, mutane suna cewa tawali'u ne.

Ban yi masa sallama ba. Na ce, "Abudi, ka ga shafin nan kafin ka sa hannu?"

Ya ce ya gani.

"Ka gani, ka sa?"

"Kawu yana tsaye a kaina da biro, Ummi tana sa min albarka. Me zan ce, Yaya?"

Na zauna a kan bulo na gaya masa abin da na kwana biyu ina haɗiyewa. Na je wurin ƙawata Hadil da take aiki a ofishin tafiye-tafiye a Jidda, na ce mata ɗan maƙwabta ne yake da matsala. Hadil ba ta ɓoye min komai ba. Ta ce ƙasashen nan biyu suna duba yatsun juna, abin da aka ɗauka a Amurka yana iya fitowa a Kanada. Ta ce su tuƙi cikin maye ba ƙaramin laifi ba ne a wurinsu, yana hana mutum shiga. Amma wanda ya faɗi gaskiya, in yana da lalura mai ƙarfi irin ta rai, akwai izini na musamman da ake nema masa. Wanda kuwa aka kama ya yi ƙarya a fom, shekara biyar za su rufe masa ƙofa, ko waye yake mutuwa a ciki.

Ya shiga murza yatsunsa. Can ya ce wataƙila ba za su duba ba, ai mutane dubu nawa ne suke dangwalawa kullum. Ya ce shi tun da aka sa ranar, duk sujada roƙonsa ɗaya ne, Allah ya sa na'urar ta manta da shi.

Raina ya ɓaci, ba don shi kaɗai ba.

Na ce, "Da ran Manal za ka yi caca? In ta fito fa? Shekara biyar, Abudi. Ka ga fuskarta jiya a waya? Wata biyar ma kana ganin tana da su?"

Ya rufe fuska da tafin hannu.

Na sassauta murya. Na ce abin bai gagara ba tukuna. Mu je wurin Kawu shi kaɗai, a ofishinsa, ba sai Ummi ta ji ba. A janye fom ɗin, a cike sabo da gaskiya. Hadil ta ce abin da ake buƙata kawai takardar kotu ce mai nuna an yi shari'a an gama, an biya tara, an rufe fayil. Na ce ya ɗauko min ita yanzu in ɗauki hotonta.

Bai motsa ba.

"Takardar fa nake tambayarka. Wadda ka ce lauya ya aiko maka."

"Babu takarda, Yaya."

"Ɓata ta yi?"

"Babu lauya. Ban taɓa ɗaukar lauya ba."

Na tsaya ina kallon bakinsa. Shekara shida ina kwana ina tashi da cewa aƙalla can an kashe wutar, nan ce kawai ta rage. Ya ce da na matsa masa da tambaya a watan farko ne ya ce min an gama, don ya ga hankalina ya kwanta. Wasiƙu sun yi ta zuwa masa ta waya, bai buɗe ko ɗaya ba, daga baya ya rufe adireshin gaba ɗaya.

"Ranar da aka ce in tsaya gaban alƙali," ya ce, "ina falon Abba ina karɓar gaisuwa. Ke kika zaunar da ni. Ke kika ce in sa farar jallabiya."

Gaskiya ya faɗa, har turare ni na fesa masa.

A gabansa na kira Hadil, na daina cewa ɗan maƙwabta, na ce ƙanena ne. Ta yi salati a hankali. Ta ce shari'ar da mutum ya gudu ya bari tana nan a buɗe, kuma yawanci akan ba da umarnin kama shi. Sai an sami lauya a can ya buɗe maganar, wata kotun ta yarda a yi ba ya nan, wata ta ce sai ya zo da ƙafarsa. Na tambaye ta sati bakwai zai isa? Ta ce ba za ta yi min ƙarya ba, ba ta taɓa ganin ya isa ba, amma duk kwanan da muka ƙara a kan Manal zai faɗa. Ta ce abu ɗaya dai, ko da wasa kada ya kai yatsunsa gobe a kan wancan fom ɗin.

Na kashe wayar. Da-na-sani ƙeya ce, yau na san ma'anarta. Da na bar shi ya tsaya sati uku ya fuskanci alƙali, da yanzu takarda ce guda a cikin durowa. Kunyar kwana ɗaya na guje mana, ga shi na saya mana abin da ya fi ta.

Abdulilah ya ce in bar shi ya sauka shi kaɗai, shi ya sha, shi zai faɗa. Na ce a'a. Shan nasa ne, labarin nawa ne.

Mun tarar Kawu ya miƙe yana gyara shimaginsa, mayafin nan na ka, zai wuce Harami sallar magariba. Na ce ya yi haƙuri ya ɗan zauna. Na durƙusa a gaban Ummi a tsakiyar ledojin kuka, Abdulilah ya durƙusa a bayana.

Ban san ta inda na fara ba. Na dai san na faɗi kalmar giya a falon Malam Taha, kuma rufin bai faɗo ba. Na faɗi turken fitila, na faɗi ɗakin 'yan sanda, na faɗi kotun da ba a je ba, na faɗi abin da Hadil ta ce. Duk tsawon maganar Ummi tana ƙulla bakin wata leda, ta ƙulla ta kwance, ta sake ƙullawa.

Da na yi shiru, ba ni ta kalla ba. Shi ta kalla.

"Ka taka wani?"

"A'a, Ummi. Ƙarfe ne."

"Alhamdu lillahi. Bayan nan ka sake sha?"

"Wallahi ko sau ɗaya."

Ta gyaɗa kai. Na ɗauka mafi wuyar ta wuce. Sai ta ce, "To sallar da aka kama ka kana yi fa?"

Ana jin mai tsire a ƙasa yana kiran ciniki.

"Tambaya nake. Wa ya kawo maganar sallah?"

Na ce, "Ni ce."

Kawu ya zame ya zauna a hannun kujera, fayil ɗin ya faɗi ƙasa bai ɗauka ba. Ya dubi Abdulilah ya ce da ya karanta masa shafin nan, da zai faɗa masa gaskiya? Abdulilah ya ce bai sani ba, amma ya so a ce an tambaye shi. Kawu ya cire gilashi yana goge ido da gefen shimagi. Ya ce zai janye takardun da kansa, sunansa ba komai ba ne. Amma ranar aikin Manal, wannan ba ta hannunsa.

Ni 'yar fari ce. Tun da aka haife ni Ummi ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai ta ce ke, ko 'yar nan, ko Yayarsu. Yau ta kira.

"Mujahida."

Na ɗago.

"Yaro ya yi laifin yaro, tsakaninsa da Ubangijinsa, ya tuba ko bai tuba ba Shi ya sani. Ke kuma kika ɗauki sallah kika rufe giya da ita. Kika bar Malam ya tashi daga gadon ciwo, aka riƙe shi hagu da dama, ya je ɗakin Allah ya faɗi abin da bai faru ba. Mutumin da ko a ciniki bai taɓa rantsuwa ba."

Na ce ciwonsa na duba, na ji tsoron zuciyarsa ta buga.

"Da ta buga a kan gaskiya."

Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Da ma ta mare ni. Ta ce shekara shida tana ɗaga hannu a gaban Ka'aba tana kai ƙarar mutanen da ba su yi wa ɗanta komai ba, tana cewa Allah ya isa, yanzu wannan Allah ya isan a kan wa zai sauka? Ta ce matar Utaibiyya da ta sa wa ɗanta suna, da wane ido za ta kalle ta? Kuka ya ci ƙarfina, na kama ƙafarta ina cewa ta yafe min. Ba ta janye ƙafar ba, ba ta kuma taɓa kaina ba.

Ta ce, "Ni tawa mai sauƙi ce. Ba ni ce a kan inji ba."

A daidai nan wayarta ta fara ruri a kan tabarma. Duk mun san ko waye. In magariba ta gabato a Makka, can hantsi ne, lokacin da ake ɗora Manal a kan injin, kuma ba ta iya zaman awa huɗun nan sai tana ganin fuskar Ummi.

Kawu ya ce a bari ta katse, a kira ta in an nutsu. Abdulilah ya miƙa hannu yana cewa a ba shi. Ummi ta ɗauki wayar ta dubi hoton autarta, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ture hannun Abdulilah, ta miƙo min.

"Karɓi. Ke kika iya tsara magana."

Na karɓa na danna.

Fuskarta ta cika allon, a kumbure, leɓɓanta sun bushe, ga robobi biyu jajaye sun fito daga hannunta. Amma dariya take yi. Ta ce yau ma'aikaciyar jinya ta kawo mata kalanda ta ce ta riƙa soke kwanakin da biro, ta ɗaga min ita in gani, ta riga ta soke ɗaya.

"Yaya, gobe ne basma ko? Ina Abudi? Juyo min da shi in ga mai ƙodata."